Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Firimiyan Lardin Ontario Na Kanada, Doug Ford, Kan Maganin Yara Da Tsofaffi

Mai girma Firimiya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni mazaunin lardinka ne, ina biyan haraji, ina da 'ya'ya uku. Na rubuta wannan wasiƙa ne saboda abin da nake gani a kan kantar mai sayar da magani duk lokacin da na je karɓo wa 'yata ta tsakiya maganin asma da take shaƙa.

Lokacin da OHIP+, shirin lardi na biya wa yara da matasa kuɗin magani, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018, ƙarƙashin gwamnatin Kathleen Wynne, duk wanda bai kai shekara 25 ba yana miƙa katin lafiyarsa da takardar likita, a ba shi magani ba tare da ya biya ko sisi ba. Da aka fara, magunguna sama da 4,400 ne ke cikin jerin. A wancan lokacin ba ni da inshora a wurin aiki, kuma ba zan ɓoye ba, shirin ya rufa mini asiri. Da ka ci zaɓe a watan Yunin wannan shekarar, gwamnatinka ta ce za ta gyara shi don rage kashe kuɗi, kuma daga 1 ga Afrilun 2019 aka cire duk yaron da iyayensa ke da inshorar kamfani.

Na fahimci hujjarku. Me zai sa baitulmali ya biya abin da kamfanin inshora ya riga ya karɓi kuɗin biyansa? Ko ni da nake ƙorafi, ban ga aibun wannan tambaya ba. Inda aka samu matsala shi ne yadda aka yanke hukuncin: da zarar uba yana da inshora, ko ta ƙwarai ko ta jeka-na-yi-ka, ɗansa ya fita daga OHIP+ gaba ɗaya. Ba a ce kamfani ya biya nasa kason, gwamnati ta cike ragowar ba.

Ga yadda abin ya same ni. Na samu aiki na dindindin a wani rumbun ajiye kaya, na yi murna, har na yi wa iyali walima. Aikin ya zo da inshora da ke biyan kashi 80 cikin ɗari, tana kuma da iyaka a shekara. Wata na gaba na je kantin magani kamar kullum, matar da ke kan kanta ta duba kwamfuta, ta ɗago ta ce mini yanzu akwai kuɗin da zan cika. Na ce ai yarinya ce, shekararta tara. Ta ce ta sani, amma tunda sunanta ya shiga inshorata, katin gwamnati ba zai ɗauke ta ba. Na tsaya riƙe da walat ina lissafi, mutane na bayana a layi. Wato da ina zaman kashe wando, da magani kyauta ne. Da na samu aiki, sai aka ɗora mini kuɗi.

Jami'anka za su ce akwai shirin Trillium, na tallafa wa waɗanda kuɗin magani ya yi musu yawa. Akwai shi, na cika takardunsa. Sai dai ba ya fara taimako har sai iyali sun kashe kusan kashi 4 cikin ɗari na abin da ke shigo musu bayan haraji. Mai ƙaramin albashi da ke biyan hayar gida a Toronto ko Brampton, kafin ya kai wannan mizanin ya riga ya rage cefane.

Sai batun tsofaffi. Wanda ya cika shekara 65 yana shiga shirin magani na lardi, amma yana biyan dala 100 na farko a kowace shekara, wadda ke farawa 1 ga Agusta, sannan har dala 6.11 a kan kowace takardar magani. A 2018 jam'iyyar Liberal ta Kathleen Wynne ta yi alkawarin soke wannan kuɗi daga Agustan 2019. Sun faɗi zaɓe, alkawarin ya tafi da su. A idon mai albashin minista dala shida ba komai ba ce. Amma maƙwabciyata, dattijuwar da muke kira Goggo, tana shan na hawan jini, na suga, na ƙwalastarol da na ciwon gwiwa. Na taɓa samunta a kicin tana raba ƙwaya biyu da wuƙa don ta kai ƙarshen wata. Daga baya muka gano ta cancanci rangwamen masu ƙaramin ƙarfi, inda ba a biyan dala 100 ɗin, kuma kowace takarda ba ta wuce dala 2. Shekaru tana biyan cikakken kuɗi don ba wanda ya gaya mata sai an nema da fom.

Buƙatata biyu ce, ranka ya daɗe, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ta farko, a bar kamfanin inshora ya fara biya wa yaro, abin da ya rage OHIP+ ta cike. Ta biyu, tsohon da takardar harajinsa ta nuna ya cancanci rangwame a saka shi kai tsaye, tunda ai takardar ta riga ta nuna abin da ke shigo masa.

Akwai kuma dokar magani ta tarayya da aka sanya wa hannu a Oktoban 2024, wadda ta fara da maganin suga da na tazarar haihuwa. Manitoba, British Columbia, Prince Edward Island da Yukon sun ƙulla yarjejeniya da gwamnatin tarayya a Ottawa a farkon 2025, Ontario ba ta cikinsu. Goggo ta ji labarin a rediyo ta tambaye ni yaushe namu zai zo. Na ce mata zan tambaya.

Naka,
Wani uba mazaunin Ontario