Akwatin tabar siga: hunturun Jos ne alƙalin aikin

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu fili mu ja hankalin masu sha'awar aikin katako da suka fara gwada ƙera akwatin ajiye tabar siga, naɗaɗɗen ganyen nan irin na Kuba. Ba tallar taba muke yi ba, illarta ga lafiya sananniya ce. Aikin hannun ne ya dame mu, domin da yawa suna zuba ƙarfinsu a ado da sheƙi, alhali amfanin akwatin ɗaya ne: ya riƙe danshi kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, zafi kuma kada ya wuce digiri 21. In ya haura haka da yawa, ƙwan ƙwaron taba ya ƙyanƙyashe, ya huda ganyen.

Sanyin Jos ya sauƙaƙa maganar zafi. Matsalar ita ce iska. A Agusta katako ya sha laima ya kumbura, a Janairu hunturu ya tsotse shi har ya tsage. Wanda ya sayo madaci ko iroko a Kasuwar Katako, ya yanka a ranar, to murfinsa zai karkace kafin damina ta zagayo. A jera katakon a inuwa, da 'yan sanduna a tsakani, ya yi makonni yana shan iskar ɗakin da za a yi aikin.

Gangar jikin ta kai kaurin milimita 15 zuwa 18. A haɗa ta rufe ruf, duk fuska shida, sannan a raba murfi da zarto. Ta haka ne kawai baki zai zauna kan baki. Saman kuwa gara filawud mai kyau da aka lulluɓe da siririn katako, don falle guda na katako zalla shi ke fara motsi.

Cikin shi ne zuciyar aikin. Ana shimfiɗa shi da katakon da ake kira sidar Sifen, wanda asalinsa Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, kuma ɗan uwan madaci ne. Yana shan danshi ya sake shi a hankali. Kaurin milimita 6 ya isa. Kada a shafa masa fenti ko mai, kada a manne shi da gam. A yanka kusurwoyi su riƙe juna, a bar ɗan sarari don ya samu wurin kumbura. Gefunan su ɗara bakin akwatin da milimita 6 zuwa 8, su shige cikin murfi, su ne ke tare iska. In ba a busar da shi sosai ba, zai riƙa zubo ƙaro mai danƙo. A goge da sifirit, a bi da samfefa. Hinji na tagulla za a sa, ƙarfe tsatsa yake yi.

Gwajin murfi ba wuya: a rufe shi kan takardar naira a ja. In ta zare salin-alin, iska na fita ta nan.

Kafin a sa komai ciki, a ajiye ƙaramin kofi na tataccen ruwa, irin wanda ake zuba wa batir, a cikin akwatin a rufe mako ɗaya zuwa biyu. Masu gaggawa kan jiƙa katakon da soso, shi ke tayar da gashinsa ya lanƙwasa shi. Ruwan rijiya ko na famfo fumfuna yake kawowa. Mai sayen ruwan batir kuma ya duba da kyau, kada a ba shi mai asid.

Ma'aunin danshin da za a sa cikin akwatin ma a gwada shi. A zuba gishiri a murfin kwalba, a ɗiga ruwa ya jiƙe ba tare da ya narke ba, a ƙulle su tare a leda kwana guda. Ya kamata ya nuna 75. In ya nuna 70, a riƙa ƙara 5 a duk abin da ya faɗa.

Wassalam,
Wasu kafintoci, Jos.