Biliyan takwas, kowa da sunansa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini.

Ranar 15 ga Nuwamba 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa mutanen duniya sun kai biliyan 8, alhali a 1974 biliyan 4 ne. A 2023 kuma Indiya ta zarce Sin a yawan jama'a. Tun daga nan nake jin masu sharhi na ambaton mutane tamkar kaya mai nauyi, sai ka ce bakin ci kawai suka zo da shi. Wannan yana min ciwo. Mutanen nan na magana da harsuna kusan 7,000, kuma ko tagwaye ba su da zanen yatsa iri ɗaya.

A Nijeriya ma ba mu san yawanmu ba. Rabon da a yi ƙidaya tun 2006, lokacin da aka samu mutum miliyan 140. Jaririn da aka haifa a ɗaki, ungozoma ta yanke cibiya, aka yanka rago ranar suna, galibi ba a rubuta shi a ko'ina ba. Wa zai tanadar masa kujera a aji ko allurar rigakafi?

Ina kira ga masu unguwanni da limamai su riƙa tunatar da iyaye karɓar takardar haihuwa tun ranar suna, gwamnati kuma ta tsayar da ranar ƙidaya.

Naku,
Mai karatu daga Zariya