Aikin marubuci ne ya nuna wanda ya ci riba da wanda aka bari da cuta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in yi tsokaci a kan wani ra'ayi da ya yi ƙarfi a tsakanin masu sharhin littattafai, wato cewa aikin marubuci shi ne nishaɗantarwa da ƙawata harshe, maganar talauci da danniya da gurɓatar muhalli kuwa a bar wa 'yan siyasa da masana kimiyya. Ban gamsu da wannan rabon aiki ba. Idan aka ɓata ƙasa ko ruwa ko iska, masani zai auna gubar ya faɗi yawanta, amma tambayar wane ne ya ci ribar ɓarnar, wane ne kuma aka bari da cutar, sau da yawa a cikin labari da waƙa da wasan kwaikwayo ake samun amsarta a fili.

A shekarar 1939 John Steinbeck ya fitar da The Grapes of Wrath, labarin manoman Oklahoma a Amurka waɗanda fari da guguwar ƙura suka cinye musu gonaki, bankuna kuma suka kore su, suka kama hanyar Kalifoniya neman ƙwadago. Akwai wuri guda a littafin da ya isa hujja. An turo tarakta ta rushe gidan wani manomi ɗan haya, sai manomin ya gane direban, ashe ɗan maƙwabcinsa ne da ya karɓi aikin a kan dala uku a rana domin ya ciyar da 'ya'yansa. Manomin ya ɗauko bindiga yana neman mai laifi, direban ya ce shi umarni aka ba shi, wanda ya ba shi umarnin shi ma banki ne ya umarce shi, bankin kuma daga wasu can gabas yake karɓar nasa. A shafuka kaɗan marubucin ya nuna yadda iko yake ɓoye fuskarsa, ya bar talaka da talaka suna hararar juna a kan ƙasar da ta riga ta mutu. Fari daga sama yake zuwa, amma zaɓen wanda zai rasa gida saboda farin a ofis ake yin sa, kuma wannan ne abin da alƙaluman ruwan sama ba za su taɓa faɗa ba.

Ba na cewa littafi yana gyara duniya yadda mai shi ya so. Upton Sinclair ya rubuta The Jungle a 1906 domin ya fallasa irin bautar da baƙin haure ke yi a mayankan Chicago, inda ake aiki cikin jini da sanyi a kan ladan da bai taka kara ya karya ba. Masu karatu sun firgita ƙwarai, sai dai abin da ya firgita su shi ne ƙazantar naman da suke saya, kuma a cikin shekarar aka kafa dokokin duba nama da tsaftar abinci, ma'aikacin da aka rubuta littafin dominsa kuwa ya ci gaba da zama a halinsa. Silent Spring na Rachel Carson, wanda ya fito a 1962 a kan illar magungunan ƙwari, ya samu karɓuwa duk da caccakar da kamfanonin sinadarai suka yi mata, har Amurka ta hana amfani da maganin ƙwari na DDT a gonaki a 1972. A ganina wani ɓangare na nasararsa shi ne gubar da ta bayyana tana iya isa gidan mai kuɗi kamar yadda take isa gidan matalauci. Inda cutar ta tsaya a unguwar marasa galihu, kururuwar ba ta cika kai wa kunnen mahukunta ba, kamar yadda aka gani a 1982 a gundumar Warren ta jihar North Carolina, lokacin da mazauna, galibinsu baƙar fata, suka kwanta a kan titi domin tare motocin da ke kawo ƙasa mai guba a binne kusa da gidajensu.

Saboda haka ma'aunin da nake so masu sharhi su riƙa ɗora littafi a kai shi ne ko waɗanda abin ya shafa suna magana da bakinsu a cikinsa, kuma ko za su iya karanta shi ko su ji shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ngugi wa Thiong'o ya daɗe yana sukar masu mulkin Kenya a littattafansa na Turanci ba a kama shi ba. Da ya haɗa kai da Ngugi wa Mirii suka rubuta wasan kwaikwayo da harshen Kikuyu a 1977, manoma da ma'aikatan ƙauyen Kamiriithu suka gina dandalin da hannunsu, suka hau suka yi wasan a kan ƙwace filaye da cin gumin lebura, sai gwamnati ta janye izinin wasan, ta tsare shi kusan shekara guda a kurkukun Kamiti ba tare da shari'a ba. A can ya rubuta labarinsa na gaba a kan takardar bayan gida, da Kikuyu kuma. Masu mulki sun fahimci abin da wasu masu sharhi ba su fahimta ba, cewa suka a cikin harshen da talaka ba ya ji ba ta hana su barci.

Misalin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne na Ken Saro-Wiwa. Marubuci ne na labarai da wasannin talabijin, wanda ya ga malalar ɗanyen mai da ƙona iskar gas sun lalata gonaki da koguna a ƙasar Ogoni, inda kamfanin Shell ya fara haƙar mai a ƙarshen shekarun 1950, alhali mutanen wurin ba su ga amfanin dukiyar da ake kwasa daga ƙarƙashin ƙafafunsu ba. Ya sa alƙalaminsa da sunansa a wannan gwagwarmaya, ya jagoranci MOSOP, ƙungiyar fafutukar kare al'ummar Ogoni, kuma a ranar 10 ga Nuwamba, 1995 gwamnatin soja ta Janar Sani Abacha ta rataye shi tare da mutum takwas a Fatakwal, bayan shari'ar kotun musamman da duniya ta yi tir da ita. Sai a 2011 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta, inda ta samu sinadarin benzin mai haddasa ciwon daji a rijiyoyin wani yanki na Ogale da ke ƙasar Ogoni ya ninka abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi fiye da sau 900, ta kuma ce tsabtace ƙasar na iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Marubucin ya riga rahoton faɗin wannan gaskiya da shekaru masu yawa, kuma da ransa ya biya.

Ina sane da ƙorafin cewa irin wannan rubutu yakan rikiɗe ya zama wa'azi, inda kowane attajiri mugu ne, kowane talaka kuma waliyyi. Ƙorafin yana da tushe, kuma littafin da ya faɗa wannan rami ya cuci batun da yake son karewa. Maganinsa shi ne a ƙware a sana'ar, yadda Steinbeck ya bar direban taraktar ya zama mutum mai uzuri, domin ta haka ne mai karatu yake hango tsarin da ya tilasta masa, ya daina tsayawa a kan fuskar da ke gabansa.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne shafin adabi na wannan jarida ya riƙa ware fili na dindindin domin sharhin littattafai da waƙoƙi da wasannin da suka taɓo rabon ƙasa da ruwa da dukiya, a kuma nemi masu fassara su kawo wa masu karatu gutsuren irin waɗannan ayyuka cikin Hausa, tare da buɗe ƙofa ga sababbin marubuta da suka taso a cikin al'ummomin da ɓarnar ta shafa kai tsaye.

Na gode. Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku.