Ramin da ya cinye kuɗin watan nan

Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kun yi Sallah lafiya, ku da Inna da su Yaya da yara. Ni ma lafiya lau nake, sanyi ya fara sassauci, har ganye ya soma tohowa.

Kun ga abin da na turo wannan karon bai kai yadda na saba ba, kuma na san ba za ku tambaya ba, shi ya sa zan faɗa da kaina. Rami ne ya cinye ragowar. E, ramin titi, a nan Ingila. Na san Yaya zai yi dariya, don shi a ganinsa titin Turawa kamar faranti yake.

A ƙarshen watan Janairu ne, da asuba, ina hanyar zuwa gidan tsoho na farko da nake yi wa wanka da ba shi magani. Duhu ne, ana yayyafi, ruwa ya cika ramin ya shafe shi daidai da kwalta. Sai ji na yi gaf! Sitiyari ya fizge. Da na sauka na haska da waya, tayar gaba ta yage ta gefe, inda ba ta facuwa, rim ɗin kuma ya lanƙwashe. Motocin nan na yanzu da yawa ba sa zuwa da safaya taya, tawa ma haka. Awa biyu na yi a gefen hanya ina karkarwa, tsohon yana can yana jiran shayinsa. Taya da rim da saitin ƙafa suka tashi kusan fam 300.

A wurin na tuna maganarku ta lokacin da kuke sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, cewa hanya ba ta da abokin gaba kamar ruwa. Nan ma haka ne, sai dai nasu ruwan da mugunta yake zuwa. Yakan shiga ɗan tsagin kwalta da rana, da dare ya daskare ya zama ƙanƙara ya kumbura, ya buɗa tsagin. Gari ya waye ya narke, ƙasan ya zama kogo, babbar mota ta bi ta kai ya rufta. Shi ya sa daga Janairu zuwa Maris ramuka ke fitowa kamar an shuka su.

Wata abokiyar aikina ta ce in nemi diyya, doka ta ba ni dama. Na koma da rana da awon tela, na zura shi cikin ramin na ɗauki hoto, na haɗa da rasit na cika fom. Dokar hanyoyi ta 1980 ta ɗora wa ƙaramar hukuma nauyin kula da titunanta, amma ita dai wannan dokar ta bar mata ƙofar fita: idan ta nuna tana zagayen duba hanyar a kan kari, kuma ba ta san da ramin ba, ba ta da laifi. Amsar da na samu ke nan bayan mako bakwai. Wai mai dubawarsu ya bi ta wurin kafin Kirsimeti, bai ga ramin da zurfinsa ya kai milimita 40 ba, wanda shi ne ma'aunin da yawancinsu ke bi kafin su kira abu rami. Wato lokacin yana yaro, ni kuma na gamu da shi ya balaga.

Sun dai zo gyara bayan na kai ƙara. Da farko wani ya zo ya zagaye shi da fenti. Bayan kwana biyar mutum biyu suka sauko daga mota, suka juye kwalta mai sanyi daga buhu, suka daddanna, ko minti goma ba su yi ba. Ba a yanke gefen ba, ba a busar da ruwan ba. Da kun gani da kun kori leburan. Yanzu haka bakinsa ya fara buɗewa.

Haushi ya sa na zauna na bi diddigin kuɗin, don ni ma ina biyan harajin gida duk wata, daga Afrilu zuwa Janairu. An kasa gidaje aji takwas, daga A zuwa H, bisa farashin da gida ya yi a 1991, lokacin ko rarrafe ban fara ba. Nawa ɗakin yana ajin ƙasa, kuma da yake ni kaɗai ne ana rage mini kashi 25 cikin ɗari. Na ɗauka kuɗin nan na titi ne da shara da fitila. Ashe mafi yawansa kula da tsofaffi da naƙasassu da yaran da ba su da mai riƙo yake tafiya, don wannan kam doka ce ta wajabta shi, ba yadda za a kauce masa. Abin da ya rage shi ake gutsura wa hanya.

Nan jikina ya yi sanyi, Baba. Kamfanin da nake wa aiki, ƙaramar hukuma ce ke biyansa kuɗin yawancin tsofaffin da nake zagayawa. Ashe da albashina da kwaltar da ba a zuba a ramin nan ba, daga tukunya ɗaya ake ɗibarsu. Kuɗin da ya sayi ragon sunan ɗan Yaya, da wanda ya rufa ɗakin Inna da kwano, duk daga can suka fito. Tun ranar na rage zagin da nake yi idan na faɗa rami, ko da yake ban daina gaba ɗaya ba.

Su ma ƙananan hukumomin hannunsu a ɗaure yake. Harajin mota da na mai ba ya zuwa wurinsu, baitulmali yake tafiya a Landan. Harajin gida kuma ba za su iya ƙara shi da kashi 5 cikin ɗari ko fiye ba sai an yi ƙuri'ar jin ra'ayin mutanen gari, ko gwamnati ta ba da izini na musamman. Ga shi kusan duk titunan ƙasar a wuyansu suke, hukumar manyan hanyoyi ta ƙasa ba ta riƙe da abin da ya wuce kashi 2 ko 3 cikin ɗari. Birmingham, wadda ta fi kowace ƙaramar hukuma girma a ƙasar, a watan Satumban 2023 ta fito ta ce kuɗinta ba za su kai ta ba, ta tsayar da duk wani sabon kashe kuɗi in ba na dole ba. Gwamnatin Keir Starmer ta ware fam biliyan 1.6 na gyaran titunan ƙananan hukumomin Ingila a shekarar kuɗi ta 2025/26, har ta ce wadda ba ta wallafa yawan ramukan da ta cike ba za a riƙe mata wani kaso. Amma rahoton da ƙungiyar masu harkar kwalta ta fitar a watan Maris na 2025 ya ce gyaran da ya taru a Ingila da Wales ya kusa fam biliyan 17. Na san mai sayar da kwalta ba zai ce hanya ta yi kyau ba, sai dai injiniyoyin ƙananan hukumomin ne da kansu suka ba su lissafin.

Ni taya na rasa, da sauƙi. Mai keke ko babur in ya faɗa irin ramin nan, sai dai wani ikon Allah. Abin da ya fi damuna ma shi ne ƙofar makarantar firamaren da nake wucewa. Da akwai wata dattijuwa mai rigar ruwan ɗorawa da sanda mai faifai a kai, takan shiga tsakiyar titi ta tsayar da motoci yara su tsallaka. Ta yi ritaya, ba a kawo wata ba, don doka ba ta tilasta a ɗauki irinsu ba, su ake fara zaftarewa in kuɗi ya yi ƙasa. An dai kafa allon gudun mil 20 a awa, kimanin kilomita 32, da tudun rage gudu guda biyu. Duk da haka ƙasar nan tana ƙoƙari: a 2023 mutum 1,624 ne suka mutu a hatsarin hanya a Ingila da Scotland da Wales, kuma su a wurinsu wannan ma ya yi yawa.

Ranar da aka zo cike ramin na tuna yaran nan na hanyar kasuwarmu, masu zuba ƙasa da shebur suna ɗaga wa direbobi hannu a jefa musu naira hamsin. Ku da kuka san cikin gidan, me ake ciki game da hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024, cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye ba ta asusun haɗin gwiwa ba? Ya fara isowa wajenmu? In ya iso, ku sa baki wurin kansila a kan kwalbatin bayan masallaci tun kafin ruwa ya sauka, a kuma yashe kwatar, kada a maimaita na bara.

In Allah ya yarda ƙarshen watan gobe zan haɗa da cikon. Kada Inna ta taɓa kuɗin maganinta saboda wannan. A gaida Kawu da Gwaggo, a ce wa Auta na ga sakamakon jarrabawarta, saƙonta yana nan tafe.

Wassalam,
Ɗanku