Nazarin Littafi Mai Tsarki ranar Laraba

Salama, ƴan'uwa. Laraba da ƙarfe 5 na yamma za mu haɗu a coci a Sabon Gari, kan tambayar da matasanmu ke yi tun rasuwar ƴar'uwarmu: in Allah ne mai iko da kome, don me ake wahala?

A karanta Farawa 50:20. Ƴan'uwan Yusufu sun sayar da shi da mugun nufi, alhakin na wuyansu, amma Allah ya juya abin ya ceci jama'a daga yunwa. Yakubu 1:13 kuma ya nuna Allah ba ya jarabtar kowa da mugunta. Don Allah kada mu zama abokan Ayuba, mu ce wa mai makoki zunubinsa ne ya jawo. Yesu ya ƙi wannan a Yahaya 9.

Iyayenmu mata, a zo da wuri, daga nan za mu je gaisuwa.