Wa Zai Rufe Akurki da Magariba?

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Wasiƙarka ta iso, na karanta ta sau biyu, na biyun ina dariya. Kai da ka sha yi mini tsiya kana ce mini sarkin kaji, yau ga ka kana tambayar yadda ake fara kiwonsu a lambun bayan gida. To madalla. Ka ce abin da kake so ka sani shi ne kaji nawa za ka saya gidanka ya huta da sayen ƙwai. Zan gaya maka, amma akwai tambayar da ta riga wannan: ranar da ba ka gida, wa zai rufe akurki da magariba? Na san ka da yawan tafiya, shi ya sa na fara ta nan.

Shekarata ta farko kaji biyar gare ni. Wata rana muka fita unguwa muka kai dare, muka dawo a gajiye, na ce ai sun shige da kansu, kwana ɗaya ƙofa a buɗe ba zai zama wani abu ba. Gari na wayewa na tarar da gashi warwatse a lambu, ga sawun dila a ƙasa, biyu babu su, ta uku tana kwance ba rai. Sauran biyun sai da suka yi kusan mako ba su yi ƙwai ba saboda firgita. Kaza kusan makauniya ce da dare. Asalinta tsuntsuwar dawa ce daga dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya, inda kakanninta kan hau reshe su kwana, shi ya sa har yau rana na faɗuwa za ka ga ta nemi wuri mai tudu ta lafe. Shiga ɗaki za ta yi da kanta ba sai ka kora ta ba, amma sakata kai za ka sa. Yanzu akwai ƙofar akurki mai aiki da batir, tana rufe kanta in haske ya gushe. Tana da amfani, sai dai ba ta canja ruwa, ba ta kwashe ƙwai, ba ta kuma lura da cewa ɗaya ta takure a lungu tun safe. Ka zauna da mutanen gidanka ku yi magana tun kafin ka kashe ko sisi.

In wannan ta warware, sai ɗaki. Ka gama shi tsaf kafin kaza ta taka gidanka. Ni na yi akasin haka, na sayo kaji sannan na shiga neman kafinta, suka yi kwana huɗu a cikin kwali. A ɗakin kwana ka ba kowace kaza kamar kashi ɗaya cikin uku na murabba'in mita, a filin da za su wuni kuma aƙalla murabba'in mita ɗaya kowacce. In ka samu fiye da haka ka ba su, cunkoso ne ke sa su fara figar juna. Ka gitta sanda mai kauri wadda za su hau su kwana, kamar santimita 25 ga kowace ɗaya. Akwatin yin ƙwai kuwa santimita 30 kowane ɓangare ya isa, ɗaya ga kaji uku ko huɗu, a wuri mai ɗan duhu. Ga abin da ba wanda ya gaya mini: sandar kwana ta fi akwatin tsawo. In akwatin ya fi bisa, a cikinsa za su riƙa kwana, kuma da dare kaza ta fi yin kashi, kullum ƙwanka a ɓace.

Iska ta riƙa shiga ta sama, kusa da rufi. In ka buɗe ƙofa da safe wari ya yi maka yaji a ido, to su da suka kwana a ciki huhunsu ne ke shan wahala. Ka shimfiɗa dusar katako ko busasshiyar ciyawa, ka riƙa kwashewa duk mako. Kada ka yi rowa wajen raga. Siririyar wayar nan da ake kira ta kaji, kaji kawai take tsarewa, kare ma yana yaga ta. Ka nemi mai ƙarfi mai ƙananan idanu, ka binne gindinta kamar santimita 30 a ƙasa saboda masu haƙa, ka kuma rufe sama don shaho.

Yanzu ga amsar tambayarka. Uku ko huɗu. Kada ka sayi ɗaya, kaza ba ta son zaman kaɗaici, kada kuma zumuɗi ya kai ka ga goma. Kajin da aka tsara don ƙwai, irin ISA Brown ko Lohmann Brown, kowace tana iya yin kusan 300 a shekararta ta farko. Ka ga ke nan huɗu za su ba ka sama da ƙwai 20 a mako, har maƙwabta su samu. Akwai kuma tsofaffin iri kamar Rhode Island Red da Sussex, ƙwansu bai kai yawan na waɗancan ba, amma sun fi daɗewa suna yi kuma sun fi juriya. Ni yanzu su na fi so, amma ga mai farawa jajayen nan na farko sun fi sauƙi, ba su da tsoron mutum, yara ma suna ɗaukarsu.

Na san yara za su matsa maka a kan 'yan tsaki. Ka ba su haƙuri. Ɗan tsako yana buƙatar ɗumi na wajen digiri 35 a makonsa na farko, ga abinci na daban, ga mutuwa da ba ta sallama, sannan ka jira wata biyar, ƙila ma rabinsu su tashi zakaru. Ka sayi 'yan matan kaji masu mako 16 zuwa 18, waɗanda suka kusa fara ƙwai, ka kuma tambayi mai sayarwa ko an yi musu rigakafin cutar Newcastle da ta Marek. Ka duba da idonka: ido garau, hanci a bushe, gashin gindi ba kashi. Zakara kuwa ba ka buƙatarsa. Kaza tana yin ƙwanta ko da shi ko babu, aikinsa sai in ana son ƙyanƙyasa. Abin da zai ƙara maka shi ne cara tun kafin asuba da rigima da maƙwabta. Wasu garuruwan ma sun hana ajiye shi, wasu kuma sai ka yi rajistar kajinka, don haka ka bincika dokar inda kake.

Kwanakin farko za ka ga suna saran juna har ranka ya ɓaci. Muddin ba jini, ka ƙyale su, shugabanci suke rabawa. Wani masani ɗan ƙasar Norway, Thorleif Schjelderup-Ebbe, ya rubuta wannan tun 1921, bayan ya daɗe yana kallon kaji tun yana yaro: kowace ta san wadda za ta sara da wadda za ta kauce wa. Ina da wata baƙa, ƙarama ce a jiki, amma in ta doso kwano kowa matsawa yake.

Abinci shi ne inda mutane suka fi yaudarar kansu. Suna zaton ragowar kicin da tone-tone a lambu sun isa. Za ta rayu a kan haka, amma ƙwai jefi-jefi za ka gani. Ƙwai ɗaya yana ɗaukar ta awa 24 zuwa 26, kusan awa 20 daga ciki ɓawo ake ginawa, kuma kowane ɓawo yana cin kamar giram 2 na sinadarin kalsiyam. In ba ta samu a abinci ba, daga ƙashinta take cira. Don haka ka sayi abincin da aka haɗa don kaji masu ƙwai, kamar giram 120 kowace a rana, ka ajiye dakakken ɓawon kawa ko na ƙwai da aka gasa a kwano daban, da 'yar tsakuwa, tunda ba su da haƙori, ƙundu ne ke niƙa. Ganye da hatsi a ba su da yamma, kaɗan. Abin da ya yi fumfuna ko gishiri ya yi masa yawa kada ya je gabansu. Ka ajiye buhu a cikin durom mai murfi, in ba haka ba ɓera zai zo ya ci albarkacin kaza ya kuma kira danginsa.

Ruwa kuwa kada ya yanke ko na rabin yini. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙwai ruwa ne. Kaza ba ta yin gumi, in zafi ya tsananta sai ka ga ta buɗe baki tana haki ta saki fukafukai, lokacin inuwa da ruwa mai sanyi sun fi mata abinci.

Ka ambaci furannin uwargida da tumatirin da ta shuka. Gara in faɗa maka gaskiya tun yanzu, kaji huɗu za su mai da su kufai cikin mako biyu. Ka kewaye shukar, ko ka kewaye kajin, ka riƙa sakinsu awa ɗaya kafin faɗuwar rana kana tsaye. Ka ware musu wani lungu mai busasshiyar ƙasa da 'yar toka, a nan za su yi birgima, ita ce wankansu, ita ke rage musu ƙwarƙwata. Abin da za ka ba uwargida haƙuri da shi shi ne taki. Kashin kaji yana da ƙarfi sosai, ɗanyensa ƙona shuka yake, amma in ya yi wata shida a tare da busasshen ganye ya ruɓe, ita da kanta za ta riƙa tambayarka.

Akwai wasu jajayen ƙwari ƙanana kamar ɗigon biro da ba sa zama a jikin kaza. Da rana suna ɓuya a tsagar katako, da dare su fito su sha jini. In ka ga kaji suna ƙin shiga ɗaki da magariba, ko zankonsu ya koɗe, ka shafa farar takarda a ƙarƙashin sandar kwana da dare, in ka ga jan zane su ne. Duk sabuwar kaza kuma ka ware ta mako biyu zuwa huɗu kafin ka haɗa ta da sauran, kuma ka hana tsuntsayen waje shan ruwansu saboda murar tsuntsaye.

Wata rana ƙwai zai ɗauke, kada ka ce an cuce ka. Kaza tana son haske awa 14 zuwa 16 kafin ta yi ƙwai sosai, kuma ka ce mini can wajenku rana kan gajarta ƙwarai lokacin sanyi. Wajen wata 18 kuma za ta zubar da gashi ta sake sabo, ta yi makonni ba ƙwai, ta zama abin tausayi. Wata kuma kwanci zai kama ta, ta kafe a akwati ko ba ƙwai a ƙarƙashinta, ka taɓa ta ta kumbura. Daga shekara ta biyu ƙwan yana raguwa, alhali tana iya kai shekara shida ko fiye a raye. An ce sabo da kaza ba ya hana yanka, amma wanda ya faɗi haka bai ga 'yata ta raɗa musu suna ba. Tsofaffi biyu nake ciyarwa yanzu, ba sa ba ni komai sai kyarkyara. Ku yanke shawarar abin da za ku yi da naku kafin yara su fara raɗin suna.

Ƙwan da ka kwaso kada ka wanke shi sai za a dafa, akwai wani siririn rufi a jikin ɓawon da ke tare ƙwayoyin cuta, ruwa na tafiya da shi. Na farko zai zo ƙarami, wani ma ba gwaiduwa, kada ka damu.

Ka auna mini bayan gidan, ka zana a takarda, ka nuna inda inuwa take faɗawa da rana tsaka, ka turo mini in gaya maka inda akurkin zai zauna. Ka kuma rubuto mini wanda ya karɓi aikin rufe ƙofa. Ka gaida uwargida, ka ce mata shawarar ba tawa ba ce, kai ka fara. A shafa mini kan yara.

Naka har kullum,
amininka.