Buɗaɗɗiyar wasiƙar ƙorafi ga kamfanin da ya yi wa Marsandina aikin taimin

Zuwa ga Manajan Darakta,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ban so maganar nan ta fito fili ba. Na kira ofishinku har na gaji, na aika hotuna ta WhatsApp an buɗe an gani ba a ce uffan ba, na baro Kano na zo Abuja da ƙafata aka ce kana taro, na zauna tun hantsi har aka kira la'asar, ƙarshe wani yaro ya zo ya ce in bar saƙo. To ga saƙon. Ban kama sunan kamfaninku a nan ba saboda har yanzu ina son a rabu lafiya. Kun san kanku, kuma rasit ɗinku mai hatimi yana hannuna.

Motar da ake magana a kanta Mercedes-Benz 380 SL ce ƙirar 1982, mai ƙofa biyu, wadda ake cire mata rufi. Ta Amurka ce, shi ya sa har yau mitarta da mil take ƙirga tafiya. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ya shigo da ita ta Kwatano ina ɗan sakandare, kuma da aka zo rabon gado babu wanda ya yi jayayya da ni a kanta, don 'yan'uwana sun san abin da take ci. Yayana cewa ya yi na ɗauko wa kaina mata ta biyu wadda ba ta girki.

Ina faɗin wannan ne don kada a ɗauka kukan tsada na zo yi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Motar da ta haura shekara 40 ba a riƙe ta da ƙoro, kuma ni ban taɓa yi mata ƙoro ba. Duk juyen baƙin mai sai ta sha wajen lita 8. Tayarta 205/70 ce a kan rim 14, lambar da yanzu sai ka zaga Kano ba ka samu sabuwa ba, sai dai a sa a kawo maka daga Legas. Na'urar raba manta Bosch K-Jetronic ce, wadda ba a jona mata kwamfuta ta faɗa maka ciwonta; sai da geji da kunne da haƙuri, kuma masu wannan ilimin a garinmu sun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Lokacin da gurɓataccen fetur ya shigo ƙasar nan a farkon 2022, sai da na sauke tanki, na canja famfon mai da filta, aka wanke injekta takwas ɗaya bayan ɗaya. Na sa an mayar da esi ɗinta daga tsohon gas R12 zuwa R134a. Na sa fanel bita ya yanke tsatsar da ke cin irin waɗannan motocin a ƙarƙashin gilashin gaba, wurin fankar hita, inda ruwa ke kwanciya. Ranar Kano ta tsattsaga dashbod, na sake. Duk wannan da dalar da ta tashi daga wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024, alhali kusan kowane ƙarfe na motar nan da kuɗin waje ake sayensa. Ban taɓa rubuta wa kowa wasiƙa a kan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Abin da ya kawo ni wurinku shi ne taimin, wato sarƙar da ke daidaita motsin fistan da na bawul a cikin inji. Duk mai irin wannan motar ya san zancen. Injinta M116 ne, silinda takwas, lita 3.8, kuma waɗanda aka kai Amurka daga 1981 zuwa 1983 an yi su ne da sarƙar taimin mai layi ɗaya. Daga 1984 aka koma mai layi biyu, wadda ta fi ƙwari. Sarƙar doguwa ce, tana zagaya kamshaf biyu, ɗaya a kowane kan inji, kuma wasu 'yan robobi ne ke riƙe ta kan hanya. Idan ta miƙe ko roba ta karye, sarƙa ta tsallake haƙori, fistan ya haɗu da bawul, shi ke nan. Saboda haka masu irin motar kan yi aiki guda mai nauyi su huta: a mayar da ita mai layi biyu. Aikin ba wasa ba ne, don sai an buɗe murfin gaban inji gaba ɗaya an canja duk giyoyin da sarƙar ke hawa, har da na kan kiranshaf, an sa sabon tenshina da sababbin robobi.

Wannan aikin na nema, da sunansa. Injiniyanku ma ya yaba mini, ya ce, "Alhaji, da duk kwastomomi sun san motarsu kamarka da mun huta." Aka rubuta mini naira 3,850,000: kayan aiki 2,900,000, wai orijina daga Jamus, kuɗin hannu 950,000. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano an yi mini tayin yin sa a ƙasa da rabin haka da kayan Beljiyam, na ƙi, na ce araha ba ta ado. Na ba da kafin alƙalami kashi 70 cikin ɗari a ranar. Aka ce mako uku. Motar ta yi mako goma sha ɗaya a garejinku, kullum da labarin da za a ba ni: yau kaya suna kwastan, gobe an aiko da ba daidai ba, jibi mai aikin ya tafi gida biki. Na yi haƙuri. Ranar da na zo ɗauka na ce a ba ni tsofaffin kayan da aka cire, kamar yadda nake yi da kowane makanike. Aka ce yara sun share gareji 'yan gwangwan sun kwashe. A nan ya kamata in tsaya, ban tsaya ba, kuma wannan kam laifina ne. Mota tana sheƙi an wanke ta, inji yana kaɗawa lafiya lau, ga takardar garanti ta wata shida. Na cika kuɗi na kama hanya.

Kwana ashirin da uku bayan haka, mil 540 kacal a kan mita, muna hanyar Zariya ɗaurin aure ni da ƙanina, muka tsaya Kwanar Dangora muka yi sallar azahar. Na dawo na murɗa makulli. Wata ƙara ta fito daga gaba, kamar an zuba tsakuwa a cikin kwanon silba an girgiza, daƙiƙa biyu ko uku, sai wani ƙwas, inji ya mutu. Ban sake murɗawa ba. Da na ɗaga bonet, murfin kan inji na ɓangaren direba ya tsage daga gaba, baƙin mai yana tsiyaya a kan salansa yana hayaƙi. Ƙanina ya shiga motar haya ya wuce ɗaurin aure, ni na zauna a gindin bishiya da babbar riga ina jiran janwe, yara masu tallan rake sun kewaye motar suna tambaya ko ta tsere ce. Janwe ya karɓi 180,000 zuwa Kano.

Washegari tsohon makaniken mahaifina, wanda idonsa ya yi rauni amma hannunsa bai manta ba, ya sa yaronsa ya kwance murfin a gabana da gaban shaidu biyu, ana ɗauka da waya tun daga noti na farko. Gani ya kori ji, ranka ya daɗe. Sarƙar da ke ciki sabuwa ce, ban musa ba, amma mai layi ɗaya ce. Giyar kamshaf mai layi ɗaya ce, tsohuwa, haƙoranta sun siɗe sun yi tsini. Robar da ta karye muka zaro gutsattsarinta da maƙata, uku a sama, sauran a cikin kwanon mai. Sabuwar roba fara-fara ce, tana ɗan lanƙwasuwa. Wannan ta yi ja-ja baƙi-baƙi kamar goron da ya kwana a aljihu, dattijon ya matsa ta da yatsa biyu ta ɓare kamar ƙuli-ƙuli. Ya juya ta a tafin hannunsa ya ce, "Wannan tun zamanin Baba take ciki." Sannan ya haska fitila ya nuna mini notocin murfin gaban inji: dattin shekaru yana nan daskare a kansu, babu alamar sifana ta taɓa su. Ba a buɗe wurin ba sam.

Na san abin da aka yi, domin hanya ce sananniya. Ana cire murfin sama, a yanke tsohuwar sarƙa, a ƙulla sabuwa a bakinta, a juya inji da hannu a hankali har tsohuwar ta fito sabuwar ta shiga. Aikin yini guda ne, kuma ba haramun ba ne idan shi aka nema aka biya. Ni ba shi na nema ba, ba shi na biya ba, ba shi ne a rubuce a rasit ɗinku ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne robobin sama. Ko da wannan gajeren aikin aka yi, ga su nan a fili ana kallonsu, kuma a duk jerin kayan babu abin da ya kai su araha. Abin da bai kai kuɗin cika tankin motar ba shi aka bari ya kashe inji.

Yanzu ɓarnar da aka lissafa: bawul shida sun lanƙwashe a ɓangaren hagu, sai an sauke kan inji an kai masu injin gyara, murfi ya tafi, gasket gaba ɗaya sabo, sannan a zo a yi ainihin aikin da na riga na biya. Allah ya taimaka fistan sun sami tabo ne kawai, ba su fashe ba. Da bulok ɗin ya taɓu da magana ta ƙare, domin na alminiyom ne, ba irin wanda kowane mai boring zai ɗora a inji ya rarake ba. An ƙiyasta mini gyaran ɓarnar kaɗai a kan naira 2,600,000, kuma kullum aka kwana lissafin yana iya canjawa da dala.

Amsa ɗaya na samu daga wurinku, ta bakin mai karɓar baƙi a waya: wai tsohuwar mota ce, komai na iya faruwa, garanti bai shafi abin da tsufa ya jawo ba. Wannan maganar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Tsufan motar shi ne sana'arku. Shi ne a rubuce a allon ƙofarku, shi ne dalilin da ya sa kuɗinku ya ninka na kowa, shi ya sa mutum zai wuce gareji ɗari a Kano ya kai muku mota Abuja. Ba zai yiwu ku karɓi kuɗi da sunan kun san tsohuwar mota ba, sannan ranar da aiki ya tonu ku fake da cewa ai tsohuwa ce. Da famfon ruwa ne ya mutu, ko giyabos ya fara zamewa, wallahi da ban neme ku ba, da na ce lokacinsu ne ya yi. Abin da ya karye shi ne daidai abin da kuka rubuta kun canja.

Mai yiwuwa kai kanka ba ka san abin da aka yi ba. An ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma na ga garejin da mai shi ke sayo kaya na gaskiya, yara su karkatar da su kasuwa su mayar da tsofaffi. In haka ne, duba ma'ajiyarku abu ne mai sauƙi: ko dai an sayo giyoyi masu layi biyu da sunan motata, ko ba a sayo ba. In an sayo, suna ina? In ba a sayo ba, naira 2,900,000 ta tafi ina? Amma ko wane ne ya yi, ba da yaro na yi ciniki ba. Asusun kamfani na tura wa kuɗi.

Ga abin da nake nema. A nuna mini takardun shigo da kayan da aka ce an sayo daga Jamus, da lambobinsu. A mayar mini da kuɗin aikin da ba a yi ba. Na yarda a cire kuɗin sarƙar da aka sa da ladan yini guda, don ba na cin haƙƙin kowa. Kamfani ya ɗauki nauyin gyaran ɓarnar da kuɗin janwe. Motar kuma ba za ta koma garejinku ba, a nan Kano za a yi aikin. Idan kuna shakkar abin da na faɗa, ku turo injiniyan da kuka yarda da shi, ko mu haɗu mu zaɓi wani wanda ba nawa ba ba naku ba. Na hana a taɓa murfin gaban injin saboda haka, yana nan da dattinsa, gutsattsarin robar kuma suna cikin leda a durowata.

Na ba ku kwana 14 daga ranar da wannan wasiƙa ta fita. Idan wa'adin ya cika ban ji daga gare ka ba, kai da kanka ba mai karɓar baƙi ba, zan kai rasit da takardar garanti da bidiyon ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, lauyana kuma ya ci gaba daga nan. A ranar ne kuma zan faɗa wa 'yan ƙungiyarmu ta masu tsofaffin motoci sunan garejin, don tun da labarin ya fita suke tambayata, kuma biyu daga cikinsu motocinsu suna hannunku yanzu haka.

Lambar wayata tana kan katin aikin motar.

Wassalam,
Mai Marsandi 380 SL,
Kano.